Babi na Biyar: Idon da Tsohon Fim Ya Buɗe

Idan ka tari ɗan kabu-kabu a Sakkwato ka ce ya kai ka Sokoto Cinema, ba zai tsaya neman kwatance ba. Sunan ya daɗe da zama na unguwa, da shi ake kwatanta gida da shago, kuma akasarin samarin da ke ambatonsa kullum ba su taɓa zama a kan benci cikin filin da ba rufi, bayan sallar isha'i, suna jiran haske ya faɗa kan farin bango ba. Su a tafin hannu suka san fim. Ban ga laifinsu ba, kowa da zamaninsa. Sai dai mu da muka riski wutsiyar wancan zamani, da iyayenmu da suka sha shi tun daga tushe, mun fito da wata baiwa da ba mu san muna da ita ba sai daga baya: an koya mana kallo. A kan wannan idon nake son magana, da inda zai iya kai mai son tsofaffin fina-finai a yau.

Kafin silima, majigi aka sani. Motar gwamnati ce take zuwa da injinta da lasifikarta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a dandalin gari, kowa ya zo kyauta, har mata da yara. Abin da ake nunawa darasi ne: tsaftar rijiya, allurar shanu, rangadin Sardauna, ko noman zamani irin na Baban Larai, fim ɗin 1955 da tsofaffi ba su manta ba. Mai sharhi yana tsaye a gefe yana bayani da Hausa. Silimar kuɗi kuwa wata duniya ce daban. Kwarori ne suka fi riƙe harkarta a Arewa, kuma tun 1937 aka buɗe Rex a Kano. Da fari fina-finan Amurka da Ingila ake kawowa, sai a shekarun 1950 aka gwada na Indiya, kasuwa ta buɗe fiye da yadda kowa ya zata. Sakkwato tana ƙarshen hanya. Jirgin ƙasa bai iso nan ba, a Ƙauran Namoda dogo ya tsaya, don haka kafin gwangwanin fim ya zo mana ya sha hannu a garuruwa da yawa. Hoton duk ya tsattsage, wani wurin ya tsinke an liƙa, ka ga akta yana tsakar magana sai ga shi a kan doki. In ya sake tsinkewa a gaban jama'a, ihu ya kaure ana kiran ofareta har sai ya ɗaura.

Silima ba ta da suna mai kyau, balle a birnin Shehu. Gobarar da ta cinye gidan silimar El Duniya a Kano a watan Mayu na 1951, ta hallaka mutum 331, ta ƙara wa masu ƙinta hujja a duk faɗin Arewa, da yawa suka ɗauke ta ishara ce. Matar aure ba ta zuwa, budurwar gidan mutunci ba ta zuwa, yaro kuwa in aka gan shi a layin tikiti labari zai riga shi isa gida. Wani sashe na zargin gaskiya ne. Ana shan taba da abin da ya fi taba, ana faɗa, ana yankan aljihu. Amma abin da ke kan benci daban, abin da ke kan bango daban. Da bidiyo ya shigo gidaje a shekarun 1980, talabijin ma ta riƙa sa fim ɗin Indiya, sai ga iyayenmu mata, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba, sun fi kowa riƙe labaran, sun fi kowa zubar da hawaye.

Duk wannan soyayya an yi ta ne ba tare da jin harshen ba. Babu fassara, rubutun Turancin da ke ƙasan hoto kuwa, in ma akwai shi, kaɗan ne ke iya binsa. To da me ake gane labari? Da fuska, da tafiya, da wurin da aka tsayar da mutum a cikin hoto, da kiɗa. Mai kallo ya san sarewar da ke shelar rabuwa, ya san gangar da ke cewa bos ya iso tun kafin a nuno takalminsa. Ya san in uwa ta juya baya ta ja mayafinta, magana ta ƙare. Wanda ya ga fim sau da yawa ya zama malamin wanda ya zo yau, yana raɗa masa abin da za a yi. 'Yan wasan ma an ba su sunaye irin namu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor aka ce masa Mace saboda wani fim da ya yi shigar mata, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wanda ka raɗa wa suna ai ya zama na gida.

Akwai wani dattijon tela da nake zama wurinsa a cikin gari, wajen Rijiyar Ɗorowa, wanda bai yi boko ba, amma zai ba ka labarin Mother India daga farko har ƙarshe bai tsallake ko kitso ɗaya na labarin ba. Na taɓa ce masa, “Baba, me ka gani a fim ɗin nan da ba ka gajiya da shi?” Ya ɗage ƙafa daga kan keke, ya ce, “Ɗana, wanga ba wasa na ba, halin duniya na. Duk wanda yat taɓa cin bashin hatsi da bazara ya san mutumen ga mai littafi.”

Mutumin mai littafi shi ne Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa. Mehboob Khan ne ya shirya fim ɗin, ya fito a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha. Surukarta ta ci bashin rufi 500 don a yi bikin auren, aka jinginar da gona, Sukhilala ya murɗe yarjejeniyar da ba wanda ya iya karantawa a gidan, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace kaka da sunan ruwa, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Mijin ya je share wata gona mai duwatsu don su samu mafita, dutse ya murƙushe masa hannaye biyu, kunyar zama a ciyar da shi ta sa ya fice da dare bai sake dawowa ba. Daga nan fim ɗin na Radha ne ita kaɗai da 'ya'yanta.

Wuri biyu nake so mai kallo ya tsaya. Na farko inda ta saɓa garma a kafaɗa tana ja da kanta, a madadin sa. Kyamara tana ƙasa tana kallonta sama, sararin samaniya ne kawai a bayanta, jijiyoyin wuyanta sun fito. Ba a buƙatar kalma ɗaya ta Indiyanci a nan, duk wanda ya taso inda ake noma ya ji nauyin garmar a jikinsa. Na biyu daren ambaliya, tana tsaye cikin ruwa ta tallafo abin da 'ya'yanta ke kai da kafaɗunta don kada ruwa ya tafi da su. Na sake kallon wannan wurin bayan ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwa ya shafe ƙauyukan fadamar Rima ya kuma cinye gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai na ga kamar ban taɓa ganinsa ba. Fim ɗin bai sauya ba. Garinmu ne ya ɗanɗana abin da ke cikinsa.

A ƙarshe ɗanta Birju, wanda Sunil Dutt ya taka, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauki 'yarsa a kan doki ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta, saboda mutuncin 'yar gari ya fi ƙarfin son da take masa. An daɗe ana gardama a majalisu kan ko uwa za ta iya haka, kuma gardamar ita ce shaidar girman fim ɗin. Ba na cewa ba shi da aibi. Tsakiyarsa ta yi tsawo, wasannin tsokanar Birju da 'yan mata sun yi yawa. Mai son abu da gaske yana ganin aibinsa, son bai ragu ba. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oscar, amma tela na Rijiyar Ɗorowa bai jira wani alƙali ya gaya masa darajarsa ba.

Ana yawan cewa abin da ya haɗa mu da Indiya shi ne kamannin al'ada: rawani, mayafi, auren dole, girmama iyaye, kunya. Haka ne, amma kunyar nan ba rashin nuna abu ba ce kawai, gwaninta ce. Dubi Mughal-e-Azam na K. Asif, na 1960, labarin Yarima Salim da ya kamu da son baiwa Anarkali, mahaifinsa Sarki Akbar ya ce ba za a yi ba. Akwai wurin da Dilip Kumar yake shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu fari, a hankali, ba wanda ya ce uffan, muryar Bade Ghulam Ali Khan tana tashi daga nesa. Kyamara ta matso har fuskarta ta cika allo, idonta yana lumshewa yana buɗewa. Ba a taɓa juna da hannu ba, amma ban san wani fim na yau da ya nuna so da ƙarfin da ya kai wannan ba. Bahaushen da ya san zance a zaure, inda saurayi ke nan budurwa ke can, kowa yana wasa da bakin tabarma, ba ya buƙatar a yi masa bayani. An yi wa fim ɗin kala a 2004, ya yi kyau a ido, amma ina roƙon mai nema ya fara da baƙi-da-fari na asali. A cikinsa ne za ka ji abin da mutanen 1960 suka ji lokacin da, a tsakiyar fim marar launi, rawar ɗakin madubai ta ɓarke da kala.

Baƙi-da-fari ne ma ke korar yawancin matasa, suna ganin talauci ne na wancan lokaci. Wanda ke da wannan tunani ya nemi Pyaasa na Guru Dutt, shi ma na 1957, labarin mawaƙin da duniya ta wulaƙanta yana raye, ta girmama shi da ta zaci ya mutu. Ya duba inda ya shigo taron da ake yi don tunawa da shi, ya tsaya a bakin ƙofa, haske a bayansa, fuskarsa cikin duhu, manyan da suka ci amanarsa suna kan mumbari suna yabon gawarsa. V. K. Murthy ne ya ɗauki hoton. Da haske da inuwa kaɗai ya faɗi abin da fenti ba zai faɗa ba.

Sunan V. K. Murthy da na ambata ba ado ba ne, nan ne hanyar take. Mu da can akta muke bi. Fim ɗin Amitabh ne ko na Dharmendra, shi ke nan. Rubutun da ke fitowa a farko lokacin neman wurin zama ne da sayen gyaɗa. Ranar da mai kallo ya fara karanta wannan rubutu, ya san wa ya ba da umarni, wa ya rubuta labari, wa ya ɗauki hoto, muryar wa ke fita daga bakin jaruma, ranar ya tashi daga mai kallo ya zama mai nema. Zai gane cewa muryar da ya daɗe yana so a bakin mata daban-daban ta Lata Mangeshkar ce, ta mazan kuma sau da yawa ta Mohammed Rafi ce ko Kishore Kumar. Kowane suna ƙofa ne, kowace ƙofa tana kai ka wata.

Ga misali da Sholay na Ramesh Sippy, na 1975, wanda babu majalisar da ba a san Gabbar Singh ba. Thakur, tsohon ɗan sanda da aka sare wa hannaye, ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, su kamo masa Gabbar, ɗan ta'addar da ya addabi ƙauye. In ka bi sawunsa baya, za ka faɗa cikin fina-finan kaboyi na Sergio Leone, waɗanda mu ma mun sha su a silima tare da Django da Bruce Lee da Wang Yu. In ka ƙara gaba za ka iske The Magnificent Seven na 1960, shi kuma daga Seven Samurai na Akira Kurosawa aka ɗauko shi, fim ɗin Japan na 1954, baƙi-da-fari, mai tsawon fiye da awa uku. Manoma ne suka ji 'yan fashi na shawarar dawowa bayan girbi, suka fita neman mayaƙan da za su kare su, ba su da abin biya sai shinkafa. A da in na kalli wannan fim ina yaba faɗan ƙarshe da aka yi cikin ruwan sama da taɓo. Yanzu zaman farko ne yake tsaya mini a rai, inda mutanen ƙauye suka taru a dandali, wasu na cewa a ba su hatsin a zauna lafiya, wasu na cewa gara mutuwa. Mutumin Sabon Birni ko Isa, wanda 'yan bindiga suka aza wa haraji kafin ya girbe gonarsa, ya san wannan taro, ya zauna a cikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Fim ba zai kore masa ɓarayi ba, amma zai nuna masa cewa wani a wata ƙasa, shekara saba'in da suka wuce, ya kalli irin halinsa da idon mutunci.

Shi kansa Sholay da muka haddace, ba yadda mai shi ya so ya ƙare ba ne. Hukumar tace fina-finai ta Indiya ce ta hana a nuna Thakur ya kashe Gabbar da kansa, aka sake ɗaukar ƙarshen 'yan sanda suka zo suka kama shi. Sai a 2025, da aka gyara fim ɗin aka nuna a birnin Bologna na Italiya, jama'a suka ga ƙarshen na asali a babban allo.

Wani fim da ya shiga gidajen da Indiya ba ta shiga ba shi ne The Message na Moustapha Akkad, na 1976, tarihin farkon Musulunci. Ya kamata mai nazari ya lura da yadda aka warware matsalar da ta fi kowace girma: ba a nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a ji muryarsa ba, sahabbai ne ke fuskantar kyamara suna magana. An ɗauke shi sau biyu a lokaci guda, na Turanci da Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza, na Larabci da Abdullah Gaith. Wanda ya ga na Turanci kaɗai ya nemi na Larabcin, ya fi daɗin ji.

Yau neman tsohon fim ya yi sauƙin da ba mu taɓa mafarki ba. Ka je wurin masu tura fina-finai a kasuwa ka miƙa waya ko memori, ko ka shiga YouTube, ka samu abin da a da sai ka jira shekara kafin ya zagayo. Ga kuma fassarar Hausa irin ta su Algaita, wadda ta buɗe wa tsofaffi da yara labaran da suke cinta da ka. Ina yaba wannan aiki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi wa wasu tsofaffin fina-finan. Wani mai fassarar yana cusa barkwanci inda aka yi shiru da gangan, wani ya datse waƙa don fim ya yi gajere, alhali a tsohon fim ɗin Indiya waƙa ba hutu ba ce, a cikinta ake faɗin abin da baki ya kasa faɗa a gaban iyaye. Mai kallo kuma yatsansa na kan waya, da abu ya ɗan lafa sai ya tura gaba. An yi waɗannan fina-finai ne don mutumin da ya biya kuɗinsa ya zauna, ba inda za shi sai an tashi. Shawarata ɗaya ce: a kalle su a allo mafi girma da aka samu, da dare, tare da mutane, kuma in da hali a sa dattijo a cikin zaman.

Yanzu ga inda nake jin ciwo. Wannan ido da ya san Bombay lungu-lungu bai san maƙwabtansa ba. Daga Sakkwato ka bi ta Illela ka shiga Birnin Ƙonni, ka shiga ƙasar da ta riga mu yin suna a fim. Oumarou Ganda na Nijar ya yi Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Faransa a Indocin ya ga kuɗinsa da abokansa sun watse tare, aka nuna shi a Cannes a 1969, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966: saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dami gari. Wato tun a lokacin wani ya kalli abin da silima ke yi wa samarinmu, ya mai da shi fim. Sai Sarraounia na Med Hondo, na 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a shekarar. Tarihin ƙofar gidanmu ne, ya ci kyautar FESPACO a 1987, amma a majalisun da ake haddace Sholay da wuya ka ji an ambace shi.

Namu na gida kuwa saura ƙiris mu rasa shi gaba ɗaya. Shehu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Labarin yaron Kagara ne da aka sace, ya bi hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, ya ƙetare Sahara da ayari, ya yi karatu ya zama malami, uwarsa kuma ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Ga uwa mai ƙarfin zuciyar Radha, da harshenmu, da tufafinmu, da tarihin cinikin bayi wanda ba mu cika son tonawa ba. Shekaru da yawa ana ɗauka fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa na Lagos Film Society suka iske shi cikin tarin gwangwanaye masu tsatsa a wani tsohon ɗakin ajiya. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a watan Fabrairun 2018. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Jamusawa sun zauna sun kalli Shehu Umar a sabunce kafin mafi yawan Hausawa su ji cewa an taɓa yin sa.

Wanda ya fi shafar Sakkwato kai tsaye shi ne fim ɗin da Adamu Halilu ya yi bayan wannan, Kanta of Kebbi, na 1978, wanda gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa hannu a yin sa, a lokacin Kabi tana cikin jihar. Labarin Muhammadu Kanta ne, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Songhai a ƙarni na 16 ya kafa daularsa, kufan birninsa na Surame yana nan a cikin jiharmu har yau. Da dukiyar mutanen nan aka yi shi, amma ba fim ne da za ka samu wurin masu turawa ba. Haka wasannin kwaikwayon talabijin irin su Idon Matambayi na NTA Sakkwato, da suka tara unguwa guda a gaban akwati ɗaya. Haka fina-finan farko na Kano, tun daga Turmin Danya na 1990, waɗanda a kaset aka ɗauke su.

Kuma lokaci ba ya jira. Zaren fim in ya ji zafi da laima sai ya fara wani warin tsami, ya ƙanƙance, ya murɗe, hoton ya ɓaɓɓake daga jikinsa, in ya kai nan ba mai ceto. Kaset ɗin bidiyo shi ma yana dusashewa yana yin fumfuna, na'urar da za ta karanta shi tana ƙarewa a kasuwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kowace bazara tana cin wani abu daga abin da ya rage. Indiya da muke yabo ita ma ta yi asara: Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana, ya ɓata. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda mutane irin su P. K. Nair, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin gwangwani ɗaya-ɗaya yana kai wa ma'ajiyar fina-finai ta Pune. Shi ma da son kallo ya fara.

Hukumar Fina-finai ta Nijeriya tana Jos da ma'ajiyarta, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantarta, mutumin da ya san darajar tsohon fim ɗin Indiya da na Hausa duka. Ita ce ƙofar da ya kamata gwamnatin jiha da malaman jami'a su ƙwanƙwasa a kan Kanta of Kebbi, a nemo shi, a gyara shi, a kawo shi gida tare da Shehu Umar. A nan kuma muna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, wadda ta riƙe rubuce-rubucen malaman jihadi da takardun mulki. Ya dace ta buɗe sashe na hoto mai motsi, ta karɓi kwafin kaset ɗin gidajen talabijin, da tsofaffin fosta, da tikiti. Akwai kuma aikin da ba ya jiran gwamnati. Tsofaffin ofaretoci da masu yankan tikiti da masu liƙa fosta suna nan cikin unguwanni, wasu na gyaran rediyo, wasu na zaune a ƙofar gida. Duk mai waya zai iya zama da ɗayansu, ya gaishe shi, ya kunna ɗaukar murya, ya tambaye shi fim ɗin da ya fi cika gida, da nawa ake shiga, da ta wace hanya gwangwani ke isowa, da wanda ya koya masa ɗaura zare.